YONATAN ƊAN SARKI, AMININ ANNABI DAWUD: LABARINSA A WAJEN MA'ABOTA LITTAFI DA ABIN DA YA HAU KAN MUSULMI



Godiya ta tabbata ga Allah, Mamallakin mulki, wanda zukatan bayi ke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da ƴan'uwansa annabawa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na yau ya shafi wani wajibi da ba kasafai ake lissafa shi tare da wajibai ba, wato haƙƙin aboki a ranar da wani naka na jini ya tashi zaluntarsa. Za mu bi ta tarihin wani mutum da Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, amma ya ambaci mahaifinsa da amininsa. Shi ne Yonatan, ɗan sarki Ɗalutu kuma aminin Annabi Dawud (AS). Maƙwabtanmu Kirista a Tsibiri da Galmi da Damagaram da Yamai suna koyar da ƴaƴansu labarinsa a matsayin misalin aminci da riƙon alkawari. Yana cikin Littattafan Sama'ila guda biyu na Tsohon Alkawari, a littafinsu wanda aka buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa tun 1932.

*HUKUNCIN SAURAREN IRIN WANNAN LABARI*

Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa Manzon Allah (SAW) ya yi izinin ba da labari daga Banu Isra'ila ba tare da laifi ba. Ya kuma ruwaito daga Abu Huraira cewa ya hana mu gaskata Ma'abota Littafi ko ƙaryata su kai tsaye. Daga nan malamai, cikinsu har da Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnu Kasir, suka kasa Isra'iliyyat gida uku: abin da wahayinmu ya tabbatar, mu karɓa, abin da ya ƙaryata, mu watsar, abin da ya yi shiru a kansa, ana iya ba da shi don izina, amma ba a gina aƙida ko hukunci a kansa. Mafi yawan labarin Yonatan yana cikin kashi na uku. Saboda haka idan muna ɗauko ruwayarsu za mu kira sarkin da sunan da suke kiransa, Saul, idan kuwa muka dawo ga Alƙur'ani mu ce Ɗalutu, don kada maganar Allah ta cakuɗe da ta wani.

*ABIN DA ALƘUR'ANI YA TABBATAR*

A Suratul Baƙara, daga aya ta 246 zuwa ta 251, Allah Ya ba mu labarin manyan Banu Isra'ila bayan Annabi Musa (AS). An fitar da su daga gidajensu, sai suka roƙi wani annabinsu ya naɗa musu sarkin da za su yi yaƙi a bayansa. Masu tafsiri da yawa sun ce annabin nan Shamwilu ne, wanda Kirista ke kira Sama'ila. Da aka naɗa Ɗalutu suka yi gunaguni cewa ba shi da dukiya, aka amsa musu cewa Allah ne Ya zaɓe shi, Ya kuma yalwata masa ilimi da ƙirar jiki. Akwatin nan mai ɗauke da natsuwa ya dawo musu a matsayin alama. Aka jarrabi rundunar da wani kogi, mafi yawansu suka kwankwaɗi ruwan, kaɗan suka haye. Bara'u ɗan Azibu ya ce sahabbai kan zanta cewa adadin mutanen Badar daidai yake da na waɗanda suka haye tare da Ɗalutu, ɗari uku da goma sha wani abu. A ƙarshe Dawud ya kashe Jalutu, Allah Ya ba shi mulki da hikima.

Nan Alƙur'ani ya tsaya. Bai faɗi yadda mulki ya tashi daga gidan Ɗalutu ya koma hannun Dawud ba. A wannan tsakanin ne labarin Yonatan yake.

*ZAMANI DA WURI*

Masana tarihi suna sanya waɗannan al'amura kimanin shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a duwatsun da ke kewaye da Baitul Maƙdis. Abokan gabar su ne Filistiyawa, masu birane biyar a gefen teku: Gaza, Ashkelon, Ashdod, Gat da Ekron. Kada kamannin suna ya ruɗe mu. Filistiyawan wancan zamani masu bautar gumaka ne da tarihi ya daɗe da shafewa, ba su ne Falasɗinawan yau ba, kamar yadda muminan da suka bi Ɗalutu ba su ne gwamnatin Isra'ila ta yau ba.

Ruwayar ta ce Filistiyawa sun hana a samu maƙeri ko ɗaya a ƙasar Banu Isra'ila, don kada su ƙera takobi ko mashi. Manomi in garmarsa ko gatarinsa ya dakushe, sai ya gangara wurin maƙiyinsa ya biya a wasa masa. Ranar da aka yi shirin yaƙi, ba wanda ke riƙe da takobi ko mashi sai Saul da ɗansa Yonatan. Jama'a suka watse cikin kogwanni da ramuka, har waɗanda suka rage tare da sarki ba su fi kimanin 600 ba.

*MUTUM BIYU A MASHIGIN MIKMASH*

Sansanin maƙiya yana Mikmash, inda ƙauyen Mukhmas yake a yau, arewa maso gabas da Baitul Maƙdis. Tsakaninsu da mutanen Saul akwai kwazazzabo mai zurfi da tsaunuka biyu masu tsini, Bozez da Sene. Yonatan ya kira saurayin da ke ɗaukar masa makamai, ya nuna masa cewa yawa ko ƙaranci ba ya hana Ubangiji ceto. Saurayin ya ce yana tare da shi duk inda ya nufa. Suka hau dutsen da rarrafe, hannu da ƙafa, suka faɗa wa masu gadi suka kashe kimanin 20. Ƙasa ta girgiza, tsoro ya shiga sansanin, maƙiya suka fara saran junansu, waɗanda suka ɓuya a kogwanni suka fito suka bi su da kora.

A ranar ne Saul ya rantsar da mayaƙa kada kowa ya ɗanɗani abinci kafin yamma. Yonatan bai ji rantsuwar ba, ya tsoma kan sandarsa cikin saƙar zuma ya lasa. Da ƙuri'a ta faɗa kansa bai yi musu ba, ya faɗi abin da ya yi, ya miƙa wuya ga hukuncin kisa. Mayaƙan ne suka tsaya suka ce ba za a taɓa wanda Allah Ya kawo nasara ta hannunsa ba. A riƙe wannan da kyau: kafin Dawud ya bayyana, Yonatan ne gwarzon ƙasar, shi ne yarima mai jiran gado, kuma talakawa suna sonsa.

*ALKYABBAR YARIMA A KAFAƊAR MAKIYAYI*

Sai ga ranar kwarin Ila. Jalutu, wanda suke kira Goliyat mutumin Gat, ya yi kwana 40 yana kirarin neman mai fitowa. Dawud ɗan Yesse, autan gidansu, makiyayin tumaki daga Baitalami, ya fito da majajjawa da duwatsu biyar ya kayar da shi. A al'adar gidan sarauta, nan ne gaba kan fara, domin sabon tauraro ya fito a gaban mai jiran gado. Amma ruwayar ta ce Yonatan ya so Dawud kamar ransa, suka ƙulla alkawari, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa, ya haɗa masa da kayan yaƙinsa da takobi da baka da ɗamara. A ƙasar da takobi ya yi wuyar da muka ji, wannan kyauta ta wuce ta ado.

Uban kuwa wata hanya ya bi. Da mata suka fito tarbar mayaƙa da waƙa, suka ba Dawud adadin da ya ninka na sarki sau goma, Saul ya fara kallonsa da wani ido. Ya jefe shi da mashi bai same shi ba. Ya aurar masa da ƴarsa Mikal bisa sharaɗin da ya yi fatan zai halaka shi a hannun maƙiya. Duk abin da aka ƙulla sai ya ƙara wa Dawud farin jini, hassada ga mai rabo taki ce.

Malamanmu ma sun kawo makamancin wannan. Ɗabari ya ruwaito a tarihinsa, ta hanyar Suddi, cewa Ɗalutu ya yi wa Dawud hassada, ya nemi kashe shi, daga baya ya tuba. Ibnu Kasir ya ɗauko wannan a Al-Bidaya, ya kuma ja kunne cewa wani sashe nasa abin dubawa ne. Don haka mu kame harshe daga zagin wanda Allah Ya ce Shi Ya zaɓe shi.

*TSAKANIN UBA DA AMINI*

Saul ya fito fili ya umurci ɗansa da fadawansa su kashe Dawud. Yonatan ya yi abu biyu. Ya sanar da amininsa ya ɓuya, sannan ya keɓe da mahaifinsa ya tuna masa cewa wannan bawan bai yi masa laifi ba, ya sai da ransa gaban Jalutu, sarki ya gani da idonsa ya yi murna, to don me za a zubar da jinin marar laifi? Saul ya saurara, ya rantse ba za a kashe shi ba. Yonatan ya kamo hannun Dawud ya maido shi fada.

Sulhun bai daɗe ba. Mashi ya sake tashi, Mikal ta zurara da mijinta ta taga ya tsere. Dawud ya zo wa Yonatan a ɓoye ya ce tsakaninsa da mutuwa taki ɗaya ne. Da farko Yonatan bai yarda ba, domin ɗa na ƙwarai ba ya saurin munana wa uba zato. Suka shirya a gwada sarki a walimar tsayuwar wata. Ranar farko Saul ya ga wurin Dawud ba kowa, ya yi shiru. Rana ta biyu ya tambaya, Yonatan ya ba da uzuri. Saul ya fusata, ya ci mutuncin ɗansa har ya taɓo mahaifiyarsa a bainar jama'a, ya kuma faɗa masa abin da kowane ɗan sarki ke tsoron ji: muddin ɗan Yesse na raye, sarautarka ba za ta kafu ba. Yonatan ya tambayi laifin da Dawud ya yi. Amsar da ya samu mashi ce, uba ya jefi ɗan cikinsa. Ya tashi daga wurin abincin, bai ci komai ba a wunin nan.

Da safe ya fita saura da wani ƙaramin yaro, kamar mai koyon harbi. Sun riga sun yi alama da Dawud, wanda ke ɓoye kusa da wani dutse: in ya ce wa yaron kibiya tana nan kusa, lafiya ce, in ya ce tana can gaba, to gudu. Ya harba, ya ɗaga murya ya ce tana gaba. Yaron ya kwashi kibau ya koma gari bai san abin da ake ciki ba. Aminan biyu suka rungumi juna suna kuka, suka sabunta alkawari, har ya haɗa da zuriyarsu bayansu.

Haɗuwarsu ta ƙarshe a Horesh ce, cikin dajin Zif, lokacin da Saul ke farautar Dawud da runduna. Yonatan ya bi sawu ya same shi, ya ƙarfafa masa gwiwa ga dogaro da Allah, ya ce masa shi zai yi sarauta, shi kuwa Yonatan ya yarda ya zama na biyu. Sannan ya koma gida.

*DUTSEN GILBOWA*

Wannan komawar tana da ma'ana babba. Yonatan bai shiga cikin mutanen Dawud ya juyo wa ubansa makami ba, bai kuma taɓa fita cikin masu farautar amininsa ba. Ya zauna kusa da uban da ya zage shi, har ranar da aka gwabza da Filistiyawa a Dutsen Gilbowa, daf da idon ruwan da Larabawa ke kira Ainu Jalut, inda daga baya Musulmi suka karya Tatar a Ramadan na 658 Hijira, wato 1260 Miladiyya. A can aka kashe Yonatan da ƴan'uwansa biyu, Abinadab da Malkishuwa, Saul ma ya mutu a ranar. Littafinsu ya ce ya faɗa a kan takobinsa. Ruwayar Ɗabari kuwa ta ce ya yi yaƙi ne yana mai tuba har aka kashe shi bayan ƴaƴansa. Maƙiya suka rataye gawawwakin a ganuwar Bet-sheyan, wato Baisan. Mazajen Yabesh-gileyad suka yi tafiyar dare guda suka sauko da su, suka binne ƙasusuwan, suka yi azumin kwana bakwai.

Da labari ya kai wa Dawud, bai yi murnar buɗewar hanyar sarauta ba. Ya yi makoki, ya yi wa uba da ɗa marsiyya tare, ya yabi wanda ya kore shi kamar yadda ya yabi wanda ya cece shi.

Yonatan ya bar ɗa mai shekara biyar, Mefiboshet. Da mummunan labari ya iso, mai renonsa ta ɗauke shi a guje, ya faɗi ya gurgunce ƙafa biyu. Bayan shekaru, mulki ya zauna wa Dawud a Baitul Maƙdis, ba mai tuna masa da alkawarin da aka yi a saura ba shaida. Shi da kansa ya tambaya ko akwai wanda ya rage a gidan Saul da zai kyautata wa saboda Yonatan. Aka ɗauko gurgun daga Lodebar yana rawar jiki, domin sabon sarki a wancan zamani yakan share zuriyar tsohon. Dawud ya kwantar masa da hankali, ya maido masa da gonakin kakansa duka, ya sa ya riƙa cin abinci tare da shi kamar ɗaya daga ƴaƴansa.

*YADDA KIRISTA KE KOYAR DA SHI*

Malamansu sukan ce sunan Yonatan a Ibrananci yana nufin kyautar Ubangiji. Suna kafa misali da shi a kan fifita zaɓin Allah bisa son zuciya, suna kuma haɗa labarinsa da abin da Linjilarsu ta danganta wa Annabi Isa (AS), cewa ƙololuwar ƙauna ita ce mutum ya ba da ransa don abokansa. Wani rahibi ɗan Ingila mai suna Aelred, wanda ya rasu a 1167, ya wallafa littafi kan abota don Allah, ya sanya Yonatan cikin manyan hujjojinsa saboda ya fifita amini a kan sarauta.

Mu kuwa muna awo da namu ma'aunin. Duk inda littafinsu ya jingina wa Annabi Dawud ƙarya ko alfasha, kamar ƙissar matar Uriya, muna barrantar da shi, domin annabawa tsararru ne. Amma halin da aka siffanta Yonatan da shi, Shari'armu ta zo da shi a matsayin umurni.

*ABIN DA YA HAU KANMU*

Na farko, gaskiya ba ta da dangi. A Suratun Nisa'i, aya ta 135, an umurce mu da tsayar da adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko makusanta. Idan mahaifinka ya tura iyakar gonar maƙwabci, ko yayanka ya ci bashin abokinka a kasuwa ya musanta, aka kira ka shaida gaban alƙali ko a fadar sarki, zumunci ba ya halatta maka ƙarya. Hadisin Anas a Bukhari ya koya mana cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne riƙe masa hannu.

Na biyu, ƙin yi wa uba biyayya a kan saɓo bai sauke haƙƙinsa ba. Suratu Luƙman, aya ta 15, ta hana bin iyaye ga shirka, a cikin ayar kuma ta ce a zauna da su da kyautatawa. Dubi Abdullahi ɗan Abdullahi bin Ubayyu: sahabi ne na gaskiya, mahaifinsa shugaban munafukai, amma da uban ya mutu ya je ya roƙi rigar Annabi (SAW) don a yi masa likkafani. Idan wannan ne halin ɗa ga irin wannan uba, ina ga uba Musulmi da fushi ya ɗebe shi? Matasanmu da ke ɗaga wa iyaye murya da sunan sun san sunna su lura: nasiha a keɓe take farawa, da tausasan kalmomi.

Na uku, faɗakar da wanda ake shirin cutarwa ba annamimanci ba ne. A Suratul Ƙasas wani mutum ya zo da gaggawa daga ƙarshen gari ya sanar da Annabi Musa (AS) cewa fadawa na shawarar kashe shi. Imamu Nawawi ya bayyana cewa sanar da mutum ana nufin ransa ko iyalinsa ko dukiyarsa da sharri bai shiga haramtaccen annamimanci ba. Sharaɗi shi ne ka tabbatar tukuna, ka faɗi gwargwadon abin da zai kuɓutar da shi, ban da ƙari mai hura wuta.

Na huɗu, amini ya ci gaba, zuciyarka fa? Wanda kuka yi makarantar allo tare ya zama babban ɗan kasuwa, ko aka ba shi limancin da kake hange, ko ya samu sarautar da gidanku ke nema. Nan ake gane abotar don Allah, wadda aka yi wa masu ita alkawarin inuwa ranar da babu wata inuwa sai ta Allah. Sayyidina Abubakar ya ba da dukiyarsa, ya shiga kogon Sauru da ransa, bai taɓa neman ya zama na farko ba.

Na biyar, alkawari kaya ne, kuma mutuwa ba ta sauke shi. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Abokan tafiya suka yi mamaki, ya ce mahaifin wannan mutum masoyin Umar ne, kuma ya ji Annabi (SAW) yana sanya sada zumunci da masoyan uba cikin mafificin biyayya. Kowannenmu yana da aminin da ya riga shi kwanta dama. Ina marayunsa? Wa ke biyan kuɗin karatunsu, wa ke leƙa rumbunsu idan damina ta yi nisa, wa zai tsaya musu ranar rabon gado? Kada mu bari ranar addu'ar bakwai ta zama ƙarshen ganinmu da ƙofar gidan.

Ya Allah Ka azurta mu da abokai na gari, Ka sanya mu zama na gari a gare su. Ka tsarkake zukatanmu daga hassada, Ka ba mu ikon faɗin gaskiya tare da ladabi ga iyayenmu. Ka jiƙan magabatanmu, Ka rufa wa marayu asiri, Ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ka ba mu damina mai albarka. Allah ne Mafi sani.